Gudawar Matafiya

Gudawar matafiya ita ce zawon da kan kama mutum a kan hanya ko a kwanakin farko na saukarsa wata ƙasa, sau da yawa haɗe da murɗawar ciki, tashin zuciya da amai, wani lokaci har da zazzaɓi. Likitoci kan kira ta da wannan suna idan matafiyi ya zaga sau 3 ko fiye cikin awa 24, bahayan kuma ruwa-ruwa. Babu cutar da ta kai ta yawan kama matafiya a duniya. Akasari takan lafa da kanta cikin kwana 3 zuwa 5. Inda ta yi kisa kuwa, galibi ruwa da gishirin da jiki ya zubar ne ba a mayar masa ba.

Matafiyan Jega, Aliero da Maiyama

Waɗannan garuruwa uku na Jihar Kebbi garuruwan fatauci ne. Jega, a bakin Gulbin Zamfara, ta yi suna da kasuwarta tun zamanin daular Gwandu, kuma babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa ta, ta bi ta Maiyama zuwa Koko, Yawuri da Kwantagora. Aliero kuwa albasarta ce ke kai mutanenta nesa: hanyar da aka daɗe ana bi ita ce ta Kamba zuwa Gaya a Nijar, a haye Kwara a shiga Malanbil ta Jamhuriyar Benin, daga nan Kwatano ko Gana. Ga kuma maniyyata aikin Hajji da Umara da ke tashi daga filin jirgin saman Birnin Kebbi.

Kasuwar albasa tana kaiwa har cikin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Direba da yaransa da mai kaya suna kwanaki a bisa hanya, cinsu na tasha, shansu abin da aka miƙo ta taga. Idan ciki ya ɓaci sai a ce canjin ruwa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin jiki kan saba da ƙwayoyin cutar garin da mutum ya tashi, na wani gari kuma su same shi ba shiri. Sai dai ruwan ba ya cutarwa don baƙunta kawai. Abin da ya faɗa cikinsa ne ke cutarwa, kuma kusan kullum bahayan ɗan Adam ne ko na dabba, komai ƙanƙantarsa.

Abin da ke haddasa ta

Ƙwayar da ta fi jawo ta ita ce wani nau'in E. coli mai fitar da dafi a hanji. Akwai Salmonella da Campylobacter, waɗanda suka fi zama a naman kaji da ƙwai da madarar da ba a tafasa ba, sai Shigella mai sa atuni, wato bahaya da jini da majina. Norovirus na yaɗuwa kamar wutar daji inda aka cunkushe a masauki ɗaya.

Tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo takan nuna inda matsalar ta fito. Aman da ya taso cikin awa 1 zuwa 6 yawanci dafi ne da ƙwayar cuta ta riga ta zuba a abincin kafin a ci, kamar a shinkafar da ta kwana ko abincin da aka ɗiba da hannu mai ƙurji. Ɗumame ba ya kashe wannan dafin, abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba. Gudawar da ta zo bayan awa 6 zuwa 24 takan fito daga miya ko farfesun da aka dafa da yawa aka bar shi ya huce a hankali. Salmonella kan ɗauki awa 6 har kwana 6, taifod kuwa mako 1 zuwa 3, saboda haka mutum na iya dawowa gida lafiya ƙalau kafin zazzaɓin ya kwantar da shi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye abin tsoro ne, a zafin bazara ma awa 1 ta isa.

Kwalara, wadda ake kira amai da gudawa, daban take. Bahayanta kamar ruwan wankin shinkafa ne, kuma tana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin yini guda. Annobarta ta yanzu ta faro daga Indunisiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa.

Matsalar gurɓataccen abinci ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa kowace shekara, 420,000 su mutu. A 2020 ɗanyar albasa mai ɗauke da Salmonella ta kwantar da mutum fiye da 1,000 a Amurka, labarin da ya dace manomin Aliero ya ji.

Magani a kan hanya

Magani na farko shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ake sayarwa a kemis cikin 'yar fakiti da sunan ORS. Sukarin ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi shi, ko da gudawar ba ta tsaya ba. An gano amfaninsa a Daka da Kalkata a shekarun 1960, aka jarraba shi a sansanonin 'yan gudun hijirar Bangaladesh a 1971, inda Dakta Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin masu kwalara da shi bayan ruwan ƙari ya yi ƙaranci. Idan babu fakiti, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa, wato fiya wata leda 2. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan; idan an yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Gishirin kada ya wuce haka. Yara ana haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, mai shayarwa kuma kada ta janye nono.

A nan ne matafiya suka fi yi wa kansu illa. Fasinja yana jin nauyin tsayar da mota, ko yana kunyar a ga yana yawan zagawa, sai ya daina shan ruwa don cikin ya tsaya. Wannan dabara ce ke mayar da ƙaramar gudawa abin kwanciya asibiti. Kuskure na biyu shi ne Flagyl da tetracycline da ake haɗiya da zarar ciki ya yi ƙugi. Flagyl na aiki a kan amiba da giardia, amma ba ya taɓa mafi yawan ƙwayoyin da ke jawo gudawar matafiya, kuma shan magungunan nan barkatai ne ya sa ƙwayoyi da dama suka daina jin su. Loperamide na rage yawan zagawa, yana da amfani ga babba mai doguwar tafiya a gaba, sai dai ba a shan sa idan akwai jini ko zazzaɓi, ba a kuma ba ƙananan yara. Jiƙon sabara ko bagaruwa da wasu ke riƙewa ba ya mayar da gishirin da aka rasa. Yunwa ma ba magani ba ce: kunu, koko, farar shinkafa da ayaba duk suna shiga.

Jini a bahaya, zazzaɓi mai zafi, aman da ya hana ruwa zama, ɗaukewar fitsari, faɗawar ido ko magagi, kowanne daga cikinsu na nufin a nemi asibiti mafi kusa ko a wace ƙasa ake. Haka nan gudawar da ta wuce kwana 3 ba sauƙi. Tsoho, mai juna biyu, jariri da mai ciwon sukari ko na ƙoda ba a jira da su har haka.

Kariya

Abincin da aka sauke yana tururi ya fi wanda aka jera a tire aminci, ko da wurin na biyun ya fi kyan gani. Tsire da balangu a sa a mayar da su wuta, a bar yankakken kabeji da tumatir da aka barbaɗa a kai. Fura da nono, zoɓo da kunun zaƙi lafiyarsu ta dogara ga ruwan da aka dama su da shi da ƙanƙarar da aka jefa. Busasshen guzurin da fatake suka saba ɗauka, irin su kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino da garin rogo, yana jure hanya ƙwarai muddin ruwan da za a jiƙa garin mai tsafta ne. Wanke hannu da sabulu bayan zagawa ya zama dole. Buta kaɗai ba ta wadatar.

Ga alhazai, haɗarin ya fi yawa a Mina da Arfa, inda ake raba abinci a fakiti, wani ya ajiye na rana cikin tanti sai dare, zafin Saudiyya kuma na aikinsa a kai. Hukumar alhazai ta NAHCON kan tafi da tawagar likitoci kowace shekara, tana buɗe ɗakunan shan magani a Makka da Madina, kuma can ya kamata alhajin da cikinsa ya ɓaci ya nufa tun ranar farko, musamman dattijai masu shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, domin wasu daga cikin magungunan nan sai an dakatar da su na ɗan lokaci idan jiki ya bushe.