Wa ke da ikon yin doka kan ruwan kogin Hadejia?

Kogin Hadejia ya taso ne daga jihar Kano, ya ratsa Jigawa, ya haɗu da kogin Jama'are, kana ruwan ya bi ta Yobe da Borno zuwa tafkin Chadi. Wannan tafiya da yake yi daga jiha zuwa jiha ita ce ta sa maganarsa ta fi ƙarfin Majalisar Dokokin Jigawa da ke Dutse.

Abin da tsarin mulki ya tanada

Sashe na 4 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba ikon yin doka tsakanin Majalisar Dokoki ta Ƙasa da majalisun jihohi. Akwai jerin batutuwan da aka keɓe wa tarayya ita kaɗai, kuma na 64 a cikinsu shi ne ruwan da Majalisar Ƙasa ta ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya.

Sashen ya ƙara da cewa duk dokar jiha da ta yi karo da halattacciyar dokar tarayya, ta tarayya za a bi, ta jihar kuma ta rushe daidai inda ta saɓa.

Dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa irin wannan ruwa a hannun gwamnatin tarayya, kuma sashe na 315 ya bar ta tana aiki bayan komawa mulkin farar hula. Sai dai dokar ta bar wa talaka 'yancin ɗibar ruwa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi, da kuma kamun kifi.

Inda gizo ke saƙa

Ruwa na tarayya ne, amma ƙasar da yake kwanciya a kanta tana hannun gwamna, bisa dokar mallakar filaye ta 1978. Ke nan manomin shinkafa a fadamar Auyo ko Guri yana noma filin da jiha ke iko da shi, da ruwan da hukumar tarayya ke saki.

Wannan hukuma ita ce ta raya kogunan Hadejia da Jama'are, mai hedkwata a Kano, wadda ke kula da madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992. Yadda ake sakin ruwansu ya sauya ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka saba da ita, ya kuma taimaka wa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Hukuncin Kotun Ƙoli

Shari'ar da ta fi kusa da wannan batu ta taso ne daga Legas, inda jihar ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta kanta a 2008. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba jihar gaskiya, amma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, ta ce ikon na tarayya ne, kuma majalisar jiha ba ta da hurumin yin dokar da za ta ci karo da ta ƙasa.

Hukuncin ya shafi sufurin jiragen ruwa ne, ba noman rani ba. Duk da haka ya nuna yadda alƙalai ke auna irin wannan taƙaddama: sukan fara duba wa tsarin mulki ya ba batun, kafin su dubi wanda ruwan ke bi ta ƙofar gidansa.

Ƙudurin da ya faɗi

An yi ƙoƙarin haɗe dokokin ruwa wuri guda a wani ƙuduri da ya ci tura a Majalisar Dattawa a 2018. Majalisar Wakilai ta janye shi a 2020, dattawan kuma suka yi watsi da shi a watan Yunin 2023. Masu adawa da shi sun ce zai miƙa wa Abuja gaɓar koguna, masu goyon bayansa kuma suka ce tattara tsoffin dokoki kawai zai yi.

Ga mutanen Hadejia, wannan na nufin gyaran dokar rabon ruwa yana hannun wakilansu a Abuja. Idan kuwa gwamnatin Jigawa ta ga an tauye mata haƙƙi, sashe na 232 ya ba ta damar kai ƙarar tarayya ko wata jiha kai tsaye gaban Kotun Ƙoli.