Lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram: abin da ya kamata iyaye da ɗalibai su sani

Duk shekara, da zarar an fidda sakamakon BEPC, wayar gidan rediyonmu ba ta hutawa. Wannan uba ya ce an tura ɗansa segond C, mene ne wannan kuma? Waccan uwa ta ce ɗiyarta ta ci jarrabawa a ƙauye, an ce ta wuce lise a birni, to wa zai riƙe mata ita? Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara bayanin wuri guda. Mun ɗauki misali da lise Amadu Kuran Daga ta birnin Zinder, amma tsarin ɗaya ne da na lise Ɗan Baskore ta Maraɗi, da Agabba ta Tawa, da Isa Korombe ta Yamai.

Wane ne Kuran Daga?

Yara da yawa na shiga ƙofar makarantar kullum ba su san mai sunan ba. Amadu Kuran Daga ɗan Sarki Tanimun ne, ya hau gadon Damagaram a 1893. Kuran Daga laƙabi ne na yaƙi, don daga ita ce fagen fama. A zamaninsa ne, cikin watan Mayu 1898, aka kashe kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa da ya iso Zinder. Bayan shekara guda Faransawa suka dawo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini cikin watan Yuli 1899. Bindigoginsu suka rinjayi dawakin Damagaram, sarki ya janye, aka bi shi aka kashe shi a watan Satumba na wannan shekara. Daga baya Zinder ta zama babban birnin mulkin mallaka, har 1926 da aka maida shi Yamai. Kun ga ke nan sunan da ke bisa ƙofar makarantar darasin tarihi ne shi kansa.

Yadda ake kaiwa lise

Yaro na yin shekara 6 a firamare, daga CI zuwa CM2. Sai shekara 4 a kolej, wato CEG: sizyem, sankiyem, katiriyem, turwaziyem. A ƙarshen turwaziyem ake rubuta BEPC. Wanda ya ci, hukumar ilimi ke duba makinsa da shekarunsa ta raba: wasu lise, wasu makarantun koyon sana'a da fasaha. Lise kuwa shekara 3 ce: segond, piremiyer, tarminal. Idan ba a maimaita aji ba, shekara 13 ke nan daga ranar da aka sa yaro lakol zuwa ranar bak.

A yau manyan garuruwan jahar, irin su Mirriya, Magarya, Matamaye, Gure da Tanut, suna da ajujuwan lise nasu, galibi cikin makarantun da ake kira CES, masu haɗe kolej da lise a fili ɗaya. Amma kolej ɗin ƙauye a turwaziyem yake tsayawa. Yaron da ya fito can, dole ya ɗauki tabarmarsa ya bar gida.

A, C ko D?

Nan ne iyaye suka fi ruɗewa. A segond reshe biyu ne, A da C. Daga piremiyer sai reshen C ya rabu biyu, C da D.

- A: reshen adabi. Falsafa, Faransanci, tarihi da labarin ƙasa, da harsuna irin su Ingilishi su ne masu nauyi. Hanyar shari'a ce, da aikin jarida, koyarwa da aikin mulki.
- C: lissafi da fizik su ke gaba. Hanyar injiniyoyi ce. Ajin C ba ya cika da ɗalibai, alhali ƙasar na neman masu wannan ilimi, ga matatar mai ta Soraz nan kusa da mu tun 2011.
- D: kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, tare da lissafi da fizik da shimi. Hanyar likita, aikin gona da kiwo.

Kowane darasi na da nauyinsa, abin da ɗalibai ke cewa kowefisiyan. Maki 8 a darasi mai nauyi 5 ya fi yi wa yaro ɓarna bisa ga maki 8 a darasi mai nauyi 2. Don haka in kun karɓi biltan, wato takardar sakamako, ku fara tambayar wane darasi ne babba a reshensa, sannan ku duba nawa ya samu a ciki. Kuma kada a tilasta wa yaro D don kawai ana son likita a gida. Wanda kansa ke ja a falsafa da harsuna, in aka danna shi cikin lissafi, sau da yawa sai a yi biyu babu.

Su wa ke tafiyar da makarantar?

Shugaban lise shi ne purobizer. Mai bi masa sansar, shi ke tsara jadawalin darussa da bin aikin malamai. Sirbeyan su ke kula da ladabi, makara da fashin zuwa. In an ce yaronku ba ya shiga aji, wurin sirbeyan za ku fara. Malamai kuma iri-iri ne: akwai cikakkun ma'aikatan gwamnati, akwai ƴan kwantaragi, akwai matasa masu aikin bautar ƙasa. Iyaye na da ƙungiyarsu da kujerarsu a kwamitin kula da makaranta, ɗalibai kuma na da reshen USN, ƙungiyar da ke tuna ranar 9 ga Fabrairu 1990, sadda aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai.

Da Faransanci ake koyarwa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma ɗan tarminal dai da Faransanci zai amsa tambayar falsafa, don haka karatun littafi ba abin wasa ba ne.

Jarrabawar bak

Ana yin ta a ƙarshen shekarar karatu, wajen shigowar damina, ƙarƙashin hukumar OBEECS. Bisa 20 ake ba da maki. Mai matsakaicin 10 ya ci tun zagayen farko. Wanda ya kusa kaiwa, ana ba shi damar zagaye na biyu. Daga 12 ake samun yabo, 14 ya fi, 16 shi ne ƙololuwa, kuma yabon nan na da tasiri wajen neman gurbi da kuɗin tallafin karatu na hukumar ANAB. Tun 2010 Zinder na da jami'arta, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, shi ma ɗan garin. Ɗan Damagaram na iya yin karatunsa daga CI har digiri bai ƙetare jaharsa ba.

Inda gizo ke saƙar

Matsalolin lise na gwamnati kusan iri ɗaya ne ko'ina cikin ƙasar: cunkoso a aji, ƙarancin littattafai da kayan gwaji, ƙarancin malaman lissafi da fizik, sai yajin aiki, yau na malamai gobe na ɗalibai, har shekara ta ƙare ba a gama manhaja ba.

Amma wadda ba a cika faɗa ba ita ce ta masauki. Yaron ƙauye na zama gidan wani dangi ko abokin uba. Wani mai masaukin na riƙe shi kamar ɗansa. Wani gidan kuwa su ma da ƙyar suke sa tukunya. A gari irin Zinder da kowa ya san wahalar ruwansa, baƙon ɗalibi ne ake tasa da asuba ya bi layin famfo da jarka. Ya isa aji a makare, cikinsa babu komai, maki ya faɗi, ya maimaita, daga nan sai kora.

Ga ɗiya mace abin ya fi tsanani, don iyaye da dama sun gwammace su yi mata aure da su aika ta gidan da ba su yarda da shi ba. Akwai dokar gwamnati ta ranar 5 ga Disamba 2017 mai kare ɗiya mace da ke cikin karatu, an kuma gina gidajen kwanan ɗalibai mata a wasu wurare, kamar Kelle cikin gundumar Gure. Sai dai buƙatar ta fi abin da ke ƙasa yawa.

Shawararmu ga iyaye

Kafin rantire, ku je da ƙafarku ku ga gidan da yaro zai zauna, ku yi magana a fili kan hatsi da kuɗin cefane. Ku san sunan ajinsa da reshensa. Ku nemi biltan a ƙarshen kowane zango, ko ba ku iya karatu ba, a samu wanda zai karanta muku. Ku halarci taron iyaye. Yaron da ya san baba zai tambayi makinsa, ba ya zama daidai da wanda aka sallama wa gari.

Ku kuma ɗalibai, bak tun segond ake fara shirya ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Allah ya ba yaranmu sa'a.