Waƙar wani a bakin wani: daga garmaho zuwa waya

Kwanakin baya ina zaune a shago a Kasuwar Wunti, sai yaron maƙwabcina ya kunna wata waƙa a waya. Kiɗan fiyano ne, murya ta yaro, amma tun baiti na biyu na gane ta Dan Maraya Jos ce aka sake rerawa. Na tambaye shi, "Wa ke da wannan waƙa?" Ya kira mini sunan wani matashi. Na ce to wanda ya ƙirƙire ta fa? Ya ce, "Baba, ai sabuwa ce." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na san malamai sun yi magana mai yawa kan kiɗa, kuma ba nan ne wurin warware ta ba. Tarihi nake so mu tuna.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 ina ƙaramin yaro, kuma kiɗa iri biyu ne ke tashi a unguwar nan. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zariya, Rediyon Kaduna suke kamawa, su ji Mamman Shata da kalangunsa, da Musa Dankwairo, da Dan Maraya da kuntiginsa. Ga mutumin da ya baro gida, muryar Shata kamar wasiƙa ce daga garinsu. Yayyenmu kuwa, masu tara suma da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, faifan garmaho suke sayowa daga Jos, na baƙaƙen fatar Amurka, kiɗan da ake kira soul. James Brown ne sarkinsu, musamman bayan ya zo Legas ya yi wasa a ƙarshen 1970. Ba su jin rabin Turancin, amma sun haddace ihun.

A wajen wani yayana na fara jin labarin da ya yi daidai da na yaron nan. Akwai waƙa mai suna Respect. Otis Redding ne ya rubuta ta, ya fitar a 1965. A 1967 Aretha Franklin ta sake rera ta, ta juya ta zuwa maganar mace ga mijinta, ta yi ƙarfin da har yau mutane da yawa ke ɗauka tata ce. Shi Otis ya rasu a haɗarin jirgin sama a ƙarshen wannan shekara. Amma ga bambancin: a jikin faifan Aretha an buga sunan Otis a matsayin mai waƙar. Duk wanda ya duba zai gani.

Mu ma sake rera waƙar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Asali ma haka sana'ar take tafiya. Dankwairo gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa, ya yi amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya zama shugaban ƙungiya. Da Shata ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura, ɗansa Sanusi ya ci gaba da rera waƙoƙinsa a wuraren biki. Ba wanda ya kira wannan sata, don kowa a wurin ya san mai ita, shi ma mai rerawar da sunan uban yake tinƙaho. Ko masu bandiri na Kano da suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka mayar yabon Annabi (SAW) ba su ɓoye ba, sunan ƙungiyarsu ma Ushaƙu Indiya. Haɗa Hausa da kayan kiɗan Turawa shi ma tsoho ne, Bala Miller ya yi shi a Kaduna tun kafin a haifi waɗannan yara.

Abin da ya canza shi ne hanyar da waƙa ke bi. Faifai yana da takarda, kaset yana da kwali mai hoto da suna. Yanzu waƙa daga waya take tsallakawa zuwa waya, tsirara, wani lokaci ma sunan mai shagon da ya tura ta ne a kai. Mu da muka yi Islamiyya an koya mana cewa magana ba ta cika sai an ce wane ya ji daga wane. Ban ce waƙa hadisi ba ce, Allah ya kiyaye, amma haƙƙin mai abu haƙƙi ne. Dan Maraya ya rasu a 2015, shekarun ba su da yawa, ga shi har an fara raba shi da kayansa a kasuwar da ba ta kai tafiyar awa biyu daga Jos ba.

Da na koma gida na jawo akwatin kaset na marigayi mahaifinmu. Danshi ya cinye fiye da rabi, wasu zaren ya manne. Goma sha ɗaya na samu masu magana. Na kai wa yaron nan, ya ce zai iya juye su a kwamfuta. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: kowace waƙa a rubuta sunan mai ita a kai. Wanda ke da irin wannan akwati a ƙarƙashin gado, ya same ni bayan sallar La'asar kafin damina ta sake faɗuwa.