Zumunci da Lafiyar Tsofaffi a Zakirai

Zumunci da lafiyar tsofaffi fanni ne da ke duba yadda zaman dattijo da iyalinsa ke shafar ƙarfin jikinsa. A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa ta Jihar Kano, kula da tsofaffi na wuyan iyali: 'ya'ya su yi noma, matan gida su yi girki da jinya, jikoki su je aike. Idan zama ya yi tsami, ko matasa suka tafi cirani, tsoho mai hawan jini kan rasa mai kai shi asibiti har ciwo ya kwantar da shi. Nazarin Julianne Holt-Lunstad na 2010, da ya tattara bincike 148, ya nuna masu kyakkyawar alaƙa da jama'a sun fi tsawon rai.