Mayar da Lissafi

Da Babbar Sallah ɗan ƙanwata ya zo gaisuwa Acida, wata huɗu da kama aiki a wata ƙungiyar agaji a Sakkwato. Ya buɗe mini kwamfutarsa ya nuna mini taswirar jiha, kowace ƙaramar hukuma da launinta da adadinta. Sai ya ce, "Kawu, ku da ba ku da wannan, da me kuke sanin abin da za ku roƙa?" Na ce masa sanin abin roƙo bai taɓa yi mana wuya ba. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne, bayan an yi roƙo da sunan mutane, wa ke komawa ya gaya musu abin da aka samo. Bai gane ba, ban kuma ga laifinsa ba, domin aikin da nake nufi ya mutu tun yana firamare.

Kusan shekara talatin na yi a tsakanin masu kuɗi da masu buƙata. Ban taɓa ɗaura wa yaro ruwa ba, ban haƙa rijiya ba. Namu aikin takarda ne: a tattara buƙata, a sa mata farashi, a hana ƙungiya uku sayen gidan sauro ga ƙauye ɗaya alhali maƙwabcinsa ba shi da ko tukunya, a bi kuɗin da aka yi alkawari a Janiba har ya zama buhu a bayan mota. Ina alfahari da shi. Mai rabo ake gani, amma abin da zai raba sai an zauna an ƙirga kafin ya iso hannunsa.

Wanda ya koya mini tsohon akawun En'e ne. Baba muke ce masa, har Turawan da muka yi aiki da su. Ya yi rabon hatsi a farin 1973 da 1974, kuma daga can ya fito da wata ɗabi'a da bai sake ta ba har ya koma ga Allah. Yana da babban littafi mai baƙin bango, kowane shafi ya ja masa layi ya raba uku: abin da aka roƙa, abin da ya zo, abin da ya shiga hannu. Kafin adadi ya hau layin farko, sai ya aike ni kasuwar Acida na tambayo kuɗin tiyar gero da na buhun shinkafar Wurno, na kuma tambayi masu jakai da masu kwalekwale nawa za su kai kaya ƙetaren gulbi. Farashin da ake aiko mana daga ofis bai san damina ba. Bai san cewa a watan Agusta hanyar da mota ke bi da rani ta zama laka, buhu ɗaya sai ya hau abin hawa uku kafin ya sauka.

Wannan duk wani akawu mai hankali zai yi. Abin da ya bambanta Baba shi ne abin da yake kira mayar da lissafi. In an gama rabo, ko an samu da yawa ko an samu kaɗan, sai mu koma garin. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan maigari, liman ya zo, masu unguwanni su zo, sarkin noma ya zo, a kira ungozoma ko wata dattijuwa da mata ke jin maganarta. Baba ya buɗe littafi ya karanta da Hausa, layi bayan layi. Mun roƙa muku kaza. An ba mu kaza. Ga abin da mai ya ci, ga na dako, ga na 'yan lodi. Har kuɗin kwanan da aka biya mu yake karantawa, da sunan kowa, kuma ranar farko da na ji nawa a bainar jama'a sai da na sunkuyar da kai. Sannan ya kwafe shafin da ajami ya bar wa liman, domin duk wanda bai halarta ba ya je a karanta masa.

Na taɓa ce masa, "Baba, masu ba da kuɗin ba su nemi wannan ba." Ya ce, "Yaro, da sunan wa ka karɓo?" Bai ƙara ba.

A irin wannan zama ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Wurno, wata tsohuwa ta tsayar da karatu. Ta ce ƙidayarmu ta gidaje ta haɗiye zawarawa da matan da mazansu suka tafi cin rani, domin mun ƙirga ƙofa ba mu ƙirga tukunya ba. Gida ɗaya, murhu huɗu, rabo ɗaya. Baba ya rufe littafi, muka sake zagaya unguwar da ƙafa har la'asar. Daga ranar muka koma ƙirga tukunya. Shekaru bayan haka na zauna a wani taro a Abuja inda aka yi yini guda ana muhawara da Turanci a kan ma'anar iyali, ni kuwa fuskar tsohuwar nan nake gani.

Maganar Abuja ta tuna mini da Maraɗi, ko da yake ta Maraɗi ce ta riga. A 2004 fara ta sauka a Nijar, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Kowa ya san abin da ke tafe. 'Yan kasuwar da ke zuwa Acida daga Ƙonni sun sani tun kaka. A watan Mayu na 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa ƙoƙon bara na dala miliyan 16, aka yi shiru. Sai a Yuli, da BBC ta nuna yaran Maraɗi masu tamowa, kuɗi ya fara kwararowa, kuma zuwa Agusta buƙatar ta haura dala miliyan 80. Jan Egeland, wanda ke shugabantar ayyukan jinƙai na Majalisar a lokacin, ya yi ta nanata cewa jinkiri ne ya ninka kuɗin. Mu da ke wannan gefen iyaka muna ganin mata suna tsallakowa da goyo, muna da adadi a layin farko, layi na biyu babu komai. Wannan kunya tana cikin abin da ya sa aka gyara babban asusun agajin gaggawa na Majalisar. Tun 1991 akwai shi, amma na rance ne, dala miliyan 50, ka ci ka biya. A Disamba 2005 aka amince ya zama na kyauta, aka buɗe shi a Maris 2006 da burin dala miliyan 500, domin kuɗi ya fita cikin kwanaki ba sai kyamara ta iso ba. Na yi murna da shi, har yau ina yi. Na gaya wa Baba, ya saurara da kyau, ya tambaye ni ko shi ma asusun yana da layi na uku.

Karo na ƙarshe da muka mayar da lissafi yadda ya kamata shi ne bayan ambaliyar 2010. Mutanen wannan yanki ba su buƙatar a tuna musu. Madatsar ruwa ta Goronyo ta cika a ƙarshen Agusta, aka buɗe ƙofofi a farkon Satumba ruwa ya ci Kagara, bayan mako guda kuma gulbin Rima ya mamaye fadama tun daga Goronyo har Sakkwato, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gero yana gab da shiga rumbu. Wanda rumbunsa na ƙasa ne ya ga tsohon hatsi da sabo sun tafi rana ɗaya. Shekarar kuwa ba ta yi mana daɗin roƙo ba: girgizar ƙasar Haiti a Janairu, ambaliyar Pakistan a Yuli da Agusta, ga gubar dalma a ƙauyukan Zamfara da ta kashe ɗaruruwan yara. Duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa an riga ka. Likitocin MSF da ke aiki a Goronyo tun kafin ruwan sun taimaka ƙwarai, hukumomin agaji na tarayya da na jiha sun kawo kaya, attajirai sun bayar, masallatai sun tara. Wahalar ita ce kowa da jerin sunayensa. Mun yi makonni muna zama da dare da fitila muna haɗa jeri da jeri, domin kada ƙauyen bakin kwalta ya karɓa sau huɗu, na bayan ruwa ya tashi a tutar babu.

Baba a lokacin ya tsufa, ya bar aiki, ido ya yi rauni. Da kaka ya sa aka ɗauko shi a mota. Ni na karanta, shi yana zaune a gefe da sandarsa. Layi na biyu bai kai rabin na farko ba, na kuma faɗa haka. Na zaci za a tashi da fushi. Wani dattijo ya ce tun da an gaya musu ba sauran abin da ke tafe, gobe zai sayar da akuya ya sayi irin albasa ya shiga fadama, da ma jira ne ya hana shi. A nan na fahimci abin da Baba ya daɗe da sani. Labarin kuɗi shi ma agaji ne. Talaka yana da dabarar kansa, yana da dangi, yana da cin rani, yana da noman rani. Amma ba zai motsa ba muddin yana zaton motar tana hanya.

Daga nan abubuwa suka sauya da sauri. Rikicin arewa maso gabas ya jawo manyan ofisoshi da manyan kuɗi. A Fabrairu 2017 aka yi taron Oslo, ƙasashe suka yi alkawarin dala miliyan 672 ga yankin Tafkin Chadi, aka kafa asusun jinƙai na Najeriya, shirin shekarar kuma ya nemi sama da dala biliyan 1. Borno da Adamawa da Yobe sun cancanci kowane kwabo, na je na gani da idona. Amma an ja layi a taswira, mu muka faɗa bayansa. A Yuli 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka kwararo Gandi suka cika makaranta. A Oktoba 2021 aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Duk wannan bai sa sunan Sakkwato ya shiga babbar takardar roƙo ba, duk da kiran da MSF ta yi ta yi a 2022 kan tamowa a arewa maso yamma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 2019. Wanda ya gudu daga Sabon Birni ko Isa ya tsallaka jihar Maraɗi ya zama ɗan gudun hijira, yana da hukuma ta duniya da kasafi a kansa. Ƙanensa da ya gudu zuwa Goronyo bai da layi a littafin kowa. Gudu ɗaya, tsoro ɗaya. Da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da maƙwabta masu raba tuwonsu biyu ba su tsaya ba, ban san yadda za a yi ba.

A Gandi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba ya faru. Wata ƙungiya ta turo samari da na'urorin hannu, ni na yi musu jagora domin an san fuskata. Suka ɗauki suna, suka ɗauki hoto, suka tambayi mata sau nawa suka ci abinci jiya. Adadin ya tafi, ya shiga takarda mai kyau. Kuɗin bai fito ba, wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Na rubuta sau uku ina neman mota da man kwana ɗaya na koma na gaya wa mutane. Aka ce babu layin kasafi na wannan, kuma faɗin adadi zai tayar da hankali. Da ma na ɗauki kuɗina na hau motar haya, amma ban yi ba. Bayan wata shida na haɗu da wani mai unguwa a kasuwar Acida, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, har yanzu muna jiran saƙonku."

Yanzu akwai akwatin ƙorafi, akwai lambar waya ta kyauta, akwai jami'i na musamman mai kula da jin ra'ayin jama'a. Ban raina su ba. Amma akwati yana jiran talaka ya zo ya yi magana, mu kuwa mu muke zuwa mu yi bayani, a zaune a ƙasa, inda za a iya tsayar da mu. A taron Istanbul na Mayu 2016 an yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida nan da 2020. Ba a cika ba. Da Amurka ta janye yawancin tallafinta a 2025, cibiyoyi suka rufe a wurare da dama, ina ta tunanin mutum nawa ne suka ji labarin daga bakin wanda ya rubuta sunansu, nawa ne kuma suka iske kwaɗo a ƙofa.

Yaran yanzu sun fi mu ilimi, wannan gaskiya ne. Ɗan ƙanwata yana haɗa cikin awa ɗaya abin da ke cinye mana mako, kuma tura kuɗi ta waya ya rufe ƙofofin sata da yawa da muka yi ta fama da su. Abin da nake so ya ƙara ba ya cin kuɗi sosai: man babur, tabarma, da ƙarfin halin faɗin adadi ko da ƙarami ne.

Littafin Baba yana wurina, iyalinsa suka ba ni bayan sadakar bakwai. Shafin ƙarshe da aka yi rubutu a kai na Gandi ne, da hannuna: layin farko cike, sauran biyun fari fat. Jiya na kira yaron na ce in ya sami sarari ranar kasuwa ya biyo ta Acida, mu hau mota tare mu tafi can da littafin.