Taron Shekara Na 'Yan Agaji: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, takardar gayyata zuwa taron shekara na 'yan agaji ta sake isowa, kuma tun ba a gama karanta ta ba mun fara jin irin maganganun da muka ji bara. Wani ya ce kasuwa ba za ta bari ba, wani ya ce kuɗin mota ya yi yawa, wani kuma ya ce ai duk abin da aka yi zai gani a waya. Mu 'yan kasuwa ne, ba ma shiga harka sai mun lissafa riba da faɗuwa. To, bari mu buɗe littafin tarihi mu yi lissafin tare.

Aikin agaji ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu suna da gayya, inda samarin gari za su taru su nome gonar tsoho ko ta majinyaci, ko su gyara hanya da gulbi ya cinye. Amma a lura, gayya ba ta yiwuwa sai an yi shela, an sa rana, kowa ya fito da fartanyarsa. Wanda ya zauna a gida ya ce zuciyarsa tana tare da jama'a, kunya ko ɗaya ba ta nomu da zuciyar tasa ba.

A makarantar Islamiyya malamanmu sun karantar da mu labarin Hilful Fuduli, wato alkawarin da wasu gidajen Ƙuraishawa suka ƙulla a Makka tun kafin a aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Asalin abin kuwa wani baƙon ɗan kasuwa ne daga Yaman, ya sayar da hajarsa ga wani babban mutum, aka hana shi kuɗinsa don an ga ba shi da kowa a garin. Da ya ɗaga murya ya yi kuka, sai mutane suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Manzon Allah ya halarci wannan zama yana matashi, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci. Masu tausayin wannan baƙo suna da yawa a Makka tun kafin ranar, amma tausayin bai karɓo masa ko sisi ba sai da aka zauna a ɗaki ɗaya.

Idan muka dawo ƙasarmu, babu misalin da ya fi na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa tsarin da ake kira 'Yan Taru. A kowane ƙauye akwai dattijuwa da ake ce wa jaji, wadda Nana take naɗawa da malfa da jan ƙyalle. Jaji ita ke tattaro tsofaffin mata da 'yan mata, ta jagorance su a ƙafa, wani lokaci tafiyar kwanaki, har zuwa wurin Nana. Su zo da ɗan abin da suka samu na hatsi ko zuma ko zane, a raba wa mabukata, su zauna su ɗauki karatu, su kawo matsalolin ƙauyukansu a warware musu. Sa'an nan su koma gida su karantar, su duba marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta masu rigima. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon abin. Jama'a, ku dubi sunan ma kawai: 'Yan Taru. Matan nan ba su da mota, ba su da kwalta, amma sun gane cewa fitilar ƙauye sai an riƙa zuwa ana ƙaro mata mai.

Turawa ma ta wannan hanya suka bi. A shekarar 1859 wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan mai suna Henri Dunant ya iso garin Solferino na ƙasar Italiya bayan an gama wani ƙazamin yaƙi, ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka babu mai kula da su. Ya tara matan ƙauye suka yi abin da za su iya. Da abin ya tsaya nan, da tuni an manta da shi. Amma sai aka kira taro a birnin Janiba a 1863, aka sake zama a 1864 ƙasashe goma sha biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya. Daga nan aka sami ƙungiyar Red Cross, wadda reshenta na Nijeriya ya sami dokar kafuwa a 1960.

Haka kuma ƙungiyar Rotary, wadda mutum huɗu suka fara a birnin Chicago na Amurka a 1905. Sai a 1910, da rassa goma sha shida suka yi babban taronsu na farko, sa'an nan ta zama ƙungiya guda mai tsari. Reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. A 1985 suka ɗaura aniyar yaƙi da cutar shan inna a duniya baki ɗaya, suka haɗa hannu da gwamnatoci da sauran ƙungiyoyi, har Allah Ya kai mu watan Agusta na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar mai yawo da kanta ta ƙare a Afirka. Reshe ɗaya a gari ɗaya ba zai taɓa iya ɗaukar wannan jinka ba.

A nan Arewa, marigayi Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello da malamai irin su marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi sun kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Fityanul Islam ta biyo baya a Kano a 1963, sai Izala da marigayi Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978. Kowacce daga cikinsu ta raini rundunarta ta 'yan agaji masu kaki, waɗanda muke gani a filin Idi da masallatan Juma'a da wuraren tafsiri da sansanin alhazai da maƙabarta. Ba mu zo nan don mu ce wannan ta fi waccan ba. Kowace riga mutum ya sa, maganarmu da shi ɗaya ce: kaki ba ya koya wa mutum ɗaure rauni, sai an je inda ake koyarwa.

Yanzu mu zo gida. Allah Ya ajiye Jere a bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, ga kuma hanyar Bwari da ta Kagarko. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja ran 12 ga watan Disamba 1991, motoci suka ninka, haɗari kuma ya ninka tare da su. A 2016 aka buɗe jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, muka sami tasha. Duk wanda ya girma a garin nan ya san ƙarar da akan ji da tsakar dare, kowa ya fito da tocila yana salati.

Akwai wani dare da ba ma mantawa, muna samari sababbin shiga agaji. Wata ƙaramar mota ta ƙwace ta faɗa rami. Muka ruga, muka kama direban, wasu hannu wasu ƙafa, muka fizgo shi waje kansa yana reto, muka kwarara masa ruwa, muka cusa shi a bayan wata motar. Ya rayu, amma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Mun ɗauka mun yi aikin lada. Sai bayan shekara biyu, a wurin taron shekara, wani likita ya tsaya yana bayani a kan karayar wuya da gadon baya, yana nuna yadda mutum ɗaya zai riƙe kai kada ya motsa, sauran su ɗaga jiki gaba ɗaya a kan katako. Mu da muka je daga Jere muka kalli juna, babu wanda ya iya cewa uffan. Allah ne kaɗai Ya san ko haɗarin ne ya nakasa bawan nan ko hannuwanmu. Abin da muka sani shi ne, an yi irin wannan darasi a taron da ya gabaci haɗarin, mu kuwa ba mu je ba, muna kasuwa.

Wannan ita ce riba ta farko, wato ilmi. Kuma kada tsofaffin hannu su ce sun riga sun koya, domin ilmin yana canzawa. Wanda aka horar a shekarun 1990 an koya masa danna ƙirji sau 15 da hura numfashi sau 2 ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Tun 2005 aka mayar da shi dannawa 30 da hurawa 2. Ƙuna da muke shafa wa manja ko ɗanyen ƙwai, yanzu an ce a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har kamar minti ashirin. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, sai a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki. Irin wannan aiki ba a koyonsa ta kallon waya, sai mutum ya durƙusa ya gwada da hannunsa, malami na tsaye a kansa yana gyara masa.

Riba ta biyu ita ce sanayya, kuma mu mazauna kudancin Kaduna mun fi kowa sanin darajarta. Iyayenmu da kakanninmu fatauci da malanta suka kawo su, wasu tun zamanin ayari, wasu bayan da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927. Garuruwanmu a warwatse suke. Mun ga rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, mun ga na Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu 1992, da na Kafanchan a 1999, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011, lokacin da mutane da yawa suka rasa rayuka da gidaje, wasu suka daɗe suna zaman gudun hijira a sansanin alhazai na Mando. Musulmi da Kirista duk sun yi kuka, Allah kada Ya maimaita mana. A irin waɗannan ranaku, wanda ya ɓace wa iyalinsa ba a gano shi ta ofis. Ana gano shi ne domin ɗan agajin Zonkwa ya san na Kaduna, sun taɓa kwana a tabarma ɗaya, sun ci tuwo a kwano ɗaya. Mu kanmu mun sha tura majinyaci Kaduna cikin dare, kafin motar ta isa an riga an tara masu ba da jini, albarkacin lambar waya ɗaya da aka karɓa a wurin taro.

Sanayyar nan kuma ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. A wuraren horo ne muke cuɗanya da jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, da ma'aikatan Red Cross, cikinsu har da 'ya'yan maƙwabtanmu Koro da Gwari da Jaba da Bajju. A kan kwalta babu mai tambayar addinin wanda yake zubar da jini. Ko Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan da al'ummomi 29 suka sa wa hannu a watan Maris 2016, ai ba ta wasiƙa aka ƙulla ta ba, zama aka yi ido da ido.

Riba ta uku ita ce hisabi. A taron shekara ake karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a nan ake sabunta shugabanni, a nan kowane reshe yake faɗin abin da ke damunsa. Muna yawan gunaguni a rumfar mai shayi cewa manya sun manta da rassan karkara, ba a aiko mana da akwatin magani ko gadon ɗaukar majinyaci. To, wa ya tashi ya faɗa a inda ake rabo? Ɗan kasuwar da ba ya zuwa ranar lissafi, ba shi da bakin cewa abokan cinikinsa sun cuce shi.

Ba mu ce uzurin jama'a ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, a shekarar 2023 ɗin kuma cuta ta faɗa wa citta, ta karya jarin manoma da 'yan kasuwa da dama a yankinmu. Tsoron hanya ma gaskiya ne, ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin ƙasa ran 28 ga watan Maris 2022 ba. Amma kowane ɗaya yana da magani. A buɗe adashin taro tun farkon shekara, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa. A ɗauki shatar mota guda, a tashi da hantsi, kada a yi tafiyar dare. Mai shago ya bar wa ƙaninsa ko maƙwabcinsa amana na kwana biyu ko uku, kamar yadda yake yi in biki ya taso. Attajiranmu kuma su ɗauki nauyin samari biyu ko uku, musamman sababbin shiga, domin su ne za su fara isa bakin rami. 'Yan'uwa mata masu agaji su ma a ba su dama da abin hawa, tunda su ne ke shiga inda namiji ba ya shiga. Waɗanda suka je kuwa, in sun dawo su tara sauran a makarantar Islamiyya su maimaita musu abin da aka koyar, kamar yadda jajin Nana suke yi.

Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Haɗari da gobara da ambaliya ba sa aiko da takardar gayyata, taron shekara ne kaɗai yake aikowa. Wanda ya amsa wannan, shi ne zai iya amsa waccan. Saboda haka muna roƙon kowane ɗan agaji ya kai sunansa wurin sakataren reshensa tun da wuri, kada a bari sai ana gobe.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.