Waye Ke Bayan Kanta? Tarihin Piza da Sanwicin New York



A gidajenmu piza sunanta abincin Turawa, abin da yaro ke ci in ya raina tuwo. To ni dai a ganina, cikin duk abincin garin nan babu wanda tarihinsa ya yi kama da na iyayenmu kamar wannan yanka ɗaya da muke naɗewa biyu muna ci a tsaye.

Daga 1880 zuwa farkon shekarun 1920, mutum sama da miliyan 4 suka baro Italiya zuwa Amurka. Yawancinsu talakawan kudu ne, 'yan Napoli da Sisili, 'yan ci-rani kamar kowa. A lokacin ba a ɗauke su cikakkun Turawa ba, ana yi musu kallon ƙazamai masu warin tafarnuwa, har a 1924 aka yi dokar da ta kusan rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Piza kuwa abincin leburorinsu ne: ƙullin burodi, tumatir, ɗan cuku, a naɗe a takarda a tafi da shi wurin aiki. A gidajen burodi da kantunan unguwa aka fara gasa ta, saboda can ne ake da tanderu.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne wai Gennaro Lombardi ne ya buɗe shagon piza na farko a Amurka, a titin Spring, a 1905. A 2019 wani mai bincike, Peter Regas, ya tono tsofaffin takardu da ke nuna cewa wani Filippo Milone ya riga shi. Ko ma dai waye, daga wannan zuriya aka samu Totonno's a Coney Island a 1924, da John's na titin Bleecker a 1929, sai Patsy's a 1933, nan kusa da mu a First Avenue ta gabashin Harlem. E, Harlem. A shekarun 1930 wannan yanki ne babbar unguwar Italiyawa a garin, kafin 'yan Puerto Rico su gaje ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar tanderu. Tsofaffin shagunan da kwal suke gashi, wuta mai tsananin zafi, cikin 'yan mintuna piza ta nuna. Matsalar ita ce da ta huce sai ta ƙandare, don haka dole ka sayi faifai guda ka ci nan take. Har yau John's ba sa sayar da yanka. Da tanderun gas ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka samu piza mai jure jira: a gasa ta a hankali, a yanka takwas, a ajiye bayan gilashi, in mai saye ya zo a mayar masa da yanka ɗaya wuta ta ɗumama. Wannan ɗan canji ne ya fitar da ita daga unguwar Italiyawa ya sa ta a hannun ɗan makaranta mai canjin aljihu. A farkon shekarun 1960 yanka ɗaya santi 15 ne, daidai da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma shekara da shekaru farashin biyun suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, har wani Eric Bram ya ja hankalin jaridar New York Times a kai a 1980.

Amma 'ya'yan Italiyawa sun yi karatu, sun koma bayan gari, ba mai son tsayuwar awa goma sha biyu gaban wuta. Sai na baya suka karɓa. Shaguna da yawa masu suna irin na Italiya a yau na 'yan Albaniya ne. Famous Famiglia ma 'yan uwan gidan Kolaj ne suka kafa shi a 1986. Wanda ya buɗe 99 Cent Fresh Pizza kusa da tashar Port Authority a 2001 ɗan Bangaladash ne. Leƙa bayan kanta yanzu, sau da yawa ɗan Meziko ko Ekwado ne ke murza ƙullin. Pizar dala ɗaya, wadda ta riƙe ɗalibai da direbobi da yawa, ita ma tsada ta ci ƙarfinta: a 2023 2 Bros suka ɗaga zuwa dala ɗaya da rabi.

Sanwici ma haka ne. Dogon burodin nan da ake tsagawa a cika, wanda 'yan garin ke kira hero, daga gidajen burodin Italiyawa ya fito, irin su Madonia da ke Arthur Avenue a Bronx tun 1918. Sai dai mu wannan ba namu ba ne kai tsaye, don rabin abin da ke cikinsa naman alade ne. Shi ya sa yaron Musulmi ya haddace oda ɗaya tak, yankan cuku zalla, yana kuma sa ido kar a yanka masa da wuƙar da ta taɓa feferoni. Mafita ta zo ne ta hannun 'yan Yaman da suka riƙe kantunan unguwa, wato bodega. A kan titi na 110 akwai Blue Sky Deli, wanda kowa ya fi sani da Hajji's, kuma can ake danganta asalin chopped cheese: niƙaƙƙen naman sa da albasa a kan farantin ƙarfe, a sassara, a narka cuku a kai, a zuba cikin wancan burodin na Italiyawa da latas da tumatir. Wallahi in ka ci shi da zafi, mai shayi na bakin titin Kano zai faɗo maka a rai, har da saurin hannun. Ranar 2 ga Fabrairu 2017, da 'yan Yaman suka rufe kantuna kusan 1,000 don nuna ƙin dokar hana shigowa ta Trump, unguwanni da yawa suka gane wa ke ciyar da su.

To mu fa? Iyayenmu da yawa a shekarun 1990 suka iso, wasu ta bizar caca da aka kafa a dokar 1990, suka shiga tasi da gadi da sayar da kaya a bakin titi. Amma wannan sana'a ta ciyar da garin da ba naka ba, ai Bahaushe ya riga kowa saninta. Daga zangon Kumasi da Nima ta Accra aka samu waakye, wanda sunansa ma daga wake ya fito, ga koko da har yau mutanen Ghana ke kira Hausa koko. Tsire ya bi fatake da mahauta har Legas da Duwala, ya zama abincin dare na mutanen da ba su jin ko sannu. Abin da 'yan Napoli suka yi wa New York, kakanninmu sun yi wa rabin Afirka ta Yamma.

A nan kam har yanzu abincinmu yana cikin gida. Za ka samu waakye a gidajen abincin 'yan Ghana a Bronx, ka samu shinkafa da kifi na 'yan Senegal a titi na 116, amma yawancin masu ci namu ne, kuma sai ka zauna da faranti da cokali. Ita piza sai da aka yanka ta takwas, aka sa mata farashin da yaro zai iya, sannan garin ya karɓa. Masa da tsire da ƙosai kuwa tun a gida a takarda ake naɗe su, a tsaye ake ci.